Kiran Suna a Tsohuwar Tasha

Mu bakwai ne, ba mu da zaure,
ba mu da fitila sai ta waya.
Tsahara ta ce mu tafi tsohuwar tashar Tawa,
inda motocin kurmi suka daina tsayawa
tun ba a yaye mu ba.

Mun iske gawar kamiyo ta durƙusa,
awaki sun mai da ita ɗakin haihuwa.
Gizo-gizo ya rufe tagar tikiti,
Ukasha ya ce: ga labule nan, kyauta.

Ba mu zo da labari ba.
Mun ce wurin ya ba mu nasa.
Kwana goma sha biyu muna shara, muna gardama.
Nomau na son a yi dariya,
Bushira na son a yi kuka,
ni kuwa so nake a ba ni magana mai tsawo.
Sau biyu muka watse,
shayin Baba Arzika ya maido mu.

Shi ne ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin teburinsa,
ya ce: kun ishe ni da surutu, ungo.
Littafin ɗan kamasho ne,
gara ta ci gefensa,
ta bar sunaye da kuɗin mota.
Jibo, Bambai zuwa Abijan.
Kadade, Kalfu zuwa Abijan, saura jika biyu.
Alhu, shi da buhu guda.

Muka raba su kamar goro.
Kowa ya ɗauki mutum uku
ya ƙaga musu tafiya, da tari, da abin da suka bari a gida.
Nomau ya koyi ɗingishi don Jibo.
Babu wanda ya ce masa Jibo na ɗingishi.

Ran wasa, bayan la'asar,
ba mu jera kujeru ba.
Jama'a suka bi mu daga bakin ƙofa zuwa rumfa,
masu kabu-kabu suka kashe inji,
mai tallan albasa ta sauke tirenta.
Tsahara ta hau kan kamiyo,
ta buɗe littafi, ta ɗaga murya:

Jibo na Bambai!

Nomau ya ja ƙafa zai fito,
sai wata murya daga baya ta riga shi:
Yana Ajame, ƙarƙashin ƙasa, shekara tara.
Kuma da gudu yake tafiya, yaro,
miƙe ƙafarka.

Nomau ya miƙe ƙafarsa.

Tsahara ta dube ni, na dubi ƙasa.
Ta haɗiye yawu, ta ci gaba.
Kadade na Kalfu, saura jika biyu!
Wani tsoho ya ratsa mutane yana lalubar aljihu,
ya ce: ashe an rubuta?
Dariya ta tashi har awaki suka firgita,
shi kuwa bai yi dariya ba,
ya ajiye kuɗin kan tayar kamiyo ya koma.

Daga nan wasa ya fita hannunmu.
Ta kira, su amsa.
Ya dawo da keken ɗinki.
Ya yi aure can.
Ba mu sani ba.
Ba mu sani ba.
Alhu ne kaɗai ba wanda ya amsa wa,
sai Bushira ta ɗauki buhunsa
ta zagaya tashar sau ɗaya, ba ta ce komai ba,
mutane suna buɗe mata hanya.

Doguwar maganata ba ta samu wuri ba.
Tana nan cikin aljihuna, zufa ta jiƙa ta.

Da magariba Baba Arzika ya karɓi littafinsa,
ya ja layi kan bashin Kadade,
ya ce gobe mu zo da wuri,
akwai shafi arba'in da ba mu buɗe ba,
kuma kofunan nan ba za su wanke kansu ba.